Abin da tsuntsu ya koya mana game da yara, da inda ya ɓatar da mu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku matso ku ga wannan keji. Wannan ɗan tsuntsun mai jan baki da kumatu ruwan goro, wanda Turawa ke kira zebra finch, asalinsa Ostireliya ne, kuma masu bincike sun fi shekara 50 suna sauraren sa. Namijin ne kaɗai ke rera waƙa, kuma ba da ita yake fitowa daga ƙwai ba, wajen ubansa yake ɗauka. Da fari gwaranci yake yi kamar jariri, ya gwada, ya saurari kansa, ya gyara. Wajen kwana 90 waƙar ta zauna ke nan. In aka raba shi da manya tun yana ƙarami, waƙarsa a karkace take fitowa.

Ni da na zo Jamus da girmana, wannan magana tana taɓa ni. Yaran da aka zo da su sun kwashi Jamusanci a filin wasa, mu kuwa sai da aji da littafi da haƙuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai mu mutane ƙofar ba ta rufe mana ruf, tana dai ƙara nauyi.

A 2003, Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington ta kawo jariran Amurka 'yan wata 9, aka yi musu zama 12 da masu jin Sinanci. Waɗanda aka zauna da su ido da ido ana wasa sun riƙe sautukan harshen. Waɗanda aka kunna wa bidiyon mutanen nan ba su ɗauki komai ba. Tsuntsun nan ma ya fi koyo daga uba mai rai a kan na'ura. Iyaye, a nan kwatancen ya yi gaskiya: waya ba za ta yi wa jariri hira a madadinku ba.

To amma ga inda raina yake ɓaci. Niko Tinbergen, ɗan ƙasar Holan, ya yi suna wajen nazarin tsuntsayen bakin teku, har ya sami kyautar Nobel a 1973. A jawabinsa na karɓar kyautar ya taɓo lalurar galahanga, wato otizim. Ya ga yaro yana kau da ido, yana matsowa yana ja da baya, sai ya fassara shi da tsuntsun da tsoro ya kama, ya ɗora abin a kan firgici da yanayin reno. Daga baya har ya goyi bayan a riƙa ƙanƙame yaro da ƙarfi ko yana kuka yana fizgewa. Ku duba nauyin da aka aza wa uwa!

Amma a 1977 Susan Folstein da Michael Rutter suka binciki tagwaye har kashi 21 a Birtaniya, waɗanda a kowane kashi aƙalla ɗaya daga cikin biyun yana da lalurar. Cikin kashi 11 na tagwaye masu kama ɗaya, an sami 4 da duka biyun ke da lalurar. Cikin 10 marasa kama ɗaya, ko guda babu. Gado yana da hannu babba, kuma binciken da ya biyo baya ya ƙara tabbatar da haka.

Tsuntsu ba a iya tambayarsa me yake ji, sai dai a yi hasashe. Masu galahanga kuwa da yawansu suna magana, suna rubutu. Wasu sun ce haɗa ido yana cika musu kai har su kasa fahimtar abin da ake faɗa, shi ya sa suke kallon gefe don su saurara da kyau. In ɗanki yana haka, 'yar'uwa, ba ke kika jawo masa ba. Zauna kusa da shi, ki yi ta yi masa magana, kada ki tilasta masa ya dube ki.