Haƙorin shak da ya zama dutse: yadda za ka gane abin da ka tsinta a bakin teku

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Toh yau ga abin da ke tafin hannuna, bari in matso da shi kusa da kyamara ku gani da kyau. Baƙi ne wuluk, yana ɗan ƙyalli, faɗinsa bai wuce santimita 2 da ɗan wani abu ba. A bakin teku na tsince shi da sassafe bayan ruwa ya janye, yana kwance cikin tarkacen bawon katantanwa da ƙananan tsakuwa. Ba zan faɗa muku ko na wane kifi ba ne yanzu, so nake mu bi shi tare a hankali har ya faɗa mana da kansa, don wallahi abin da ya fi damuna shi ne yadda mutum zai tsinci haƙori, bai ko juya bayansa ba ya ce ai megalodon ne, wato wani ƙaton shak na zamanin da wanda ya ƙare, shi kuwa shak shi ne babban kifin teku ɗin nan mai kaifin haƙora. Yawancin abin da ake tsinta ba megalodon ba ne, kuma ƙananan nan da ake rainawa su ma kowanne da labarinsa.

Tambaya ta farko dai, haƙori ne ma kuwa? Don bakin teku cike yake da abubuwan da ke yaudarar ido, fasasshen bawo mai kusurwa uku, baƙar tsakuwa da ruwa ya goge, har gutsuren ƙashi. Haƙorin shak kashi biyu ne, kuma dole ka ga biyun ko alamarsu. Akwai kai, wato wannan ɓangaren mai santsi da ƙyalli wanda yake yanka, sannan akwai saiwa, wadda take cikin dasashi lokacin da kifin ke raye. Kun ga saiwar ba ta ƙyalli, idan na goga yatsa a kanta tana da ɗan kaushi, da gilashin ƙara girma ma za ka ga ƙananan ƙofofi a jikinta. Tsakanin kai da saiwa akwai iyaka ƙarara. Bawo kuwa duk jikinsa iri ɗaya ne, galibi siriri, ya lanƙwasa kamar cokali, wani da layi-layi a bayansa. In kuma ka ga wani abu baƙi mai kama da ɗan sanda, gefe ɗaya sumul ɗaya gefen kamar matsefi, to wannan ma haƙori ne amma na kifin nan ne mai faɗi da dogon wutsiya, ɗan uwan shak, wanda yake niƙa bawo da shi. Kar ka yar.

Wataƙila wani ya ce me ya sa kullum haƙori ake samu, ina sauran jikin? Ai shak ba shi da ƙashi irin namu, jikinsa guringuntsi ne, irin na kunnenka da kan hancinka, shi kuwa guringuntsi ruɓewa yake da wuri. Haƙori ne abu mafi tauri a jikinsa. Ga shi kuma shak ba ya zama da haƙora saiti ɗaya, layi-layi suke a muƙamuƙinsa, na gaba ya faɗi na baya ya matso ya maye gurbi, haka har ya mutu, kifi ɗaya sai ya zubar da dubban haƙora a rayuwarsa. Ka haɗa wannan da cewa dangin shak sun haura shekara miliyan 400 a cikin teku, ka ga dalilin da ya sa haƙoransu suna cikin ragowar halittun da suka zama dutse da aka fi tsinta a duniya.

Toh mun yarda haƙori ne. Tambaya ta biyu, tsoho ne da ya zama dutse ko na kifin da ya zubar kwanan nan? Nan ne kowa ke cewa a duba launi, kuma eh, launi na taimakawa. Sabon haƙori fari ne, kai da saiwa duka, kamar namu. Wanda ya faɗa ƙasan teku laka ta rufe shi da wuri, iska ba ta kai gare shi ba, sai ruwan da ke ratsa lakar ya riƙa shigar da ma'adinai cikin ƙofofin nan sannu a hankali, shekara dubbai, har ya ɗauki launin ƙasar da ya kwanta a ciki. Inda akwai ma'adinin fosfet da yawa sai ya fito baƙi ko toka-toka, inda ƙarfe ya yi yawa sai ya yi ja-ja ko ruwan ƙasa. Masana sukan ɗauki shekara 10,000 a matsayin iyaka, abin da ya haura haka shi suke kira fosil.

Amma fa ku riƙe wannan, launi ba ya faɗin shekaru. Baƙi ƙirin ba yana nufin ya fi tsufa ba. Haƙoran da ake haƙowa a ma'adinan fosfet na Khouribga a Maroko da yawansu ruwan madara ne ko ruwan ƙasa mai haske, alhali sun kai shekara miliyan 50 zuwa sama, sun girmi baƙaƙen da ake tsinta a gaɓar Venice ta jihar Florida nesa ba kusa ba. Launi labarin ƙasa yake ba ka, ba labarin lokaci ba. Shi ya sa ni saiwa nake fara dubawa, idan ta yi duhu har ciki, ta yi tauri da nauyi kamar tsakuwa, to hankalina ya kwanta. Wannan namu, ku saurara, bari in ɗan ƙwanƙwasa shi a kan faranti a hankali... kun ji ƙarar? Ƙarar dutse ce.

Yanzu mu zo inda aikin yake, wato na wane shak ne. Ka fara da sanin gaba da baya. Kun ga wannan fuskar a kumbure take, ɗayar kuma shafe. Mutane da yawa suna ɗauka mai kumburin ita ke kallon waje don ita ce ta fi kyau a hoto, to akasin haka ne, mai kumburin ita ke kallon harshe, shafaffen gefen shi ne wajen leɓe. A gefen mai kumburin, tsakiyar saiwa, wasu haƙoran suna da ɗan rami ko tsaga inda jijiya ke shiga, wasu ba su da shi, wannan ma alama ce da ake amfani da ita.

Sai baki, wato gefen da ke yanka. Ka bi shi da farce a hankali. Sumul yake kamar aska ko kuwa yana da ƙananan haƙora irin na zarto? Wannan tambayar kaɗai tana raba maka hanya biyu.

Idan sumul ne, dogo siriri kamar ƙusa, saiwar ta rabu biyu kamar ƙafafu, ga ƙananan tsini ɗaya ko biyu a kowane gefe a gindin babban, to kana riƙe da haƙorin shak ɗin yashi ne, wanda aikinsa cafke kifi mai santsi ya haɗiye ba yankawa ba. Irin waɗannan suna da yawa a tsibirin Sheppey da Walton-on-the-Naze a Ingila, inda teku ke wanke lakar da ta kai shekara miliyan 50. Idan sumul ne amma babu ƙananan tsinin nan, ya fi faɗi ya fi kauri, sai ka duba wajen dangin mako, sunan kifin ke nan, ba mako na kwana bakwai ba. Idan kuma ƙarami ne, tsinin a tsaye kyam saiwar ta miƙe a kwance kamar harafin T, akwai yiwuwar na shak ɗin nan ne mai launin rawaya-rawaya, ko kuma haƙorin ƙasa na wani daga danginsa, don ƙananan nan suna kama da juna sosai, masana ma wani lokaci sai su tsaya a kan sunan dangi kawai.

Wannan ya tuna min wani abu mai muhimmanci. Kifi ɗaya haƙoransa ba iri ɗaya ba ne. A shak da yawa na sama faffaɗa ne masu zarto don yanka, na ƙasa sirara don riƙewa, na gaba a miƙe, na gefe sun karkata wajen kusurwar baki, na can ƙurya kuma gajeru. Don haka in ka kwatanta naka da hoto ɗaya ka ga bai yi daidai ba, kar ka yi saurin cire shi, nemi hoton muƙamuƙin gaba ɗaya.

Toh idan akwai zarto fa? Nan ne maganar megalodon ke shigowa, bari in ɗan tsaya a kanta. Megalodon ya rayu daga wajen shekara miliyan 23 da suka wuce, ya ƙare wajen miliyan 3.6. Manyan haƙoransa suna kai santimita 18, ana aunawa ne daga tsini a karkace zuwa ƙarshen ƙafar saiwa mafi tsawo, ba a tsaye ba. Amma girma ba shi ne shaida ba, don akwai na 'ya'yansu da na ƙuryar baki waɗanda ba su fi namu ɗin nan ba. Shaidar abu uku ce. Yana da kauri sosai, saiwar jibgegiya. Zartonsa ƙanana ne masu tsari, duk girmansu ɗaya kamar an jera da inji. Na uku kuma shi ne babba, a gefen mai kumburi, tsakanin kai da saiwa akwai wani ɗamara mai duhu da siffar harafin V. In ka ga ɗamarar nan mai faɗi tare da ƙananan zarto, to ka fara murna. Babban farin shak, wanda har yau yana nan a teku, shi ma nasa kusurwa uku ne, amma ya fi siranta, zartonsa manya ne ba su da tsari, babu faffaɗar ɗamarar, kuma da wuya ya wuce santimita 7. Sai wani kuma da nake matuƙar so, Hemipristis, na samansa ya lanƙwasa kamar ƙugiya, zartonsa manya-manya suna ƙara girma yayin da suke hawa, sai su tsaya cak kafin tsini su bar shi sumul. A Calvert Cliffs da ke jihar Maryland ta Amurka ana samun nasa da na megalodon a gaɓa ɗaya.

Kuma kar wanda ya rikice ya ji kunya, an daɗe ana rikicewa. A Turai ɗaruruwan shekaru ana kiran waɗannan haƙoran duwatsun harshe, musamman na tsibirin Malta, ana cewa harsunan macizai ne suka daskare. Sai a 1666 masunta suka kama wani ƙaton shak kusa da Livorno a Italiya, aka kai kansa wa Nicolas Steno, likitan nan ɗan Denmak, ya feɗe shi ya duba haƙoran ya ga ai irin duwatsun harshen nan ne sak, ya wallafa bayaninsa a 1667. Abin da ya yi shi ne abin da muke yi yanzu, ya ajiye wannan kusa da wancan ya duba da idonsa.

Mu koma kan namu. Akwai zarto? Akwai, ku duba. Kusurwa uku ne a tsaye? A'a, gajere ne faffaɗa, faɗinsa ya fi tsawonsa. Akwai ɗamarar V mai faɗi? Babu, don haka megalodon ya fita. Ku dubi tsinin, bai kalli sama ba, ya kwanta gefe guda, bayansa ya yi doro kamar tukun zakara, a ɗaya gefen kuma ga wani tsaga mai zurfi, ƙarƙashin tsagar ga kafaɗa mai manyan zarto da suke ƙanƙancewa yayin da suke sauka. Wannan siffar ba ta ɓuya, na shak mai zanen damisa ne, Galeocerdo a sunan kimiyya. Tsagar nan da lanƙwasar su ke ba shi damar yanka ƙoƙon kunkurun teku, ya cafke ya girgiza kai haƙoran su yi aikin zarto. Kuma shi na sama da na ƙasa kusan iri ɗaya ne, shi ya sa ba zan ce muku daga sama ya fito ko daga ƙasa ba. Bari in sa gilashin, ga wani abu mai ban sha'awa, kun ga a kan manyan zarton akwai wasu ƙanana kuma, zarto a kan zarto? Wannan alama ce ta nau'in da yake raye har yau, Galeocerdo cuvier. Akwai tsohon ɗan uwansa da ya ƙare, Galeocerdo aduncus, nasa ya fi ƙanƙanta kuma zartonsa bai da wannan ninkin. Kenan kifin da har yanzu yana yawo a teku ma zai iya barin haƙorin da ya zama dutse.

Wankewa kuma ba wuya, ka jiƙa shi a ruwa mai daɗi kwana ɗaya ko biyu kana canza ruwan don gishirin ya fita, ka goge da tsohon buroshin haƙori mai laushi, ka shanya a inuwa. Don Allah ban da bilic, wato sinadarin faranta tufafi, ban da duk wani abu mai tsami, suna cin saiwar su kashe launin, kuma ba ya dawowa. Lokacin fita nema kuwa shi ne sanda ruwa ya janye, in an yi guguwa jiya ma ya fi, ka bi layin da igiya ta tara tarkace da 'yar rariya a hannu. Ka tambayi dokar wurin tukuna don wasu gaɓoɓin an hana ɗauka, kuma kar ka kuskura ka haƙa jikin gangare ko ka tsaya ƙarƙashinsa, yana zubowa ba sallama.

Ga 'yar takardata ga biro. Sunan gaɓar da na same shi, kwanan wata, da cewa a kwance yake cikin tarkace ba a jikin laka ba, don wurin ne zai sa wanda ya san ƙasar yankin ya iya kimanta shekarunsa. Sai suna, Galeocerdo cuvier, faɗi santimita 2.3. Ku ma in za ku turo min hoton naku, ku ɗauki gaba da baya da gefe, ku ajiye rula kusa da shi, cikin hasken rana ba filashi ba. Sai mun haɗu a darasi na gaba, a huta lafiya.