Kiwon Sake Ba Sakaci Ba Ne: Tsare Kaji Daga Shaho Da Muzuru

Assalamu alaikum. 'Yan uwa masu kallo, barkanmu da yamma. Yau muna nan Rigachikun ta Kaduna ne, a kangon da ke jikin gidana inda kaji suke kiwo. Auta, riƙe wayar da kyau, juyo ta nan su ga garken.

Tun da muka yi darasin kwanci, tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini: Malam, kazata ta yi kwana 21 a kan ƙwai, ta ƙyanƙyashe goma sha biyu, wata bai zagayo ba saura uku, ina sauran? Wata baiwar Allah daga Rigasa har ta ce za ta daina kiwon. Hajiya, kada ki daina, ki saurara.

Ni ina tare da kiwon sake. Kazar Hausa da tono aka san ta: ta ci gara, ta ci fara, ta tsinci hatsin da ya zube, ta tsattsagi ɗanyar ciyawa. Ku fasa ƙwanta ku ga gwaiduwa jawur. Ga kuma tsadar buhun abincin kaji, wanda ba kowa ke iyawa ba. Amma sake daban, sakaci daban. Wanda ya buɗe akurki da asuba bai sake waiwayar kajin ba sai gobe, wannan shaho yake yi wa kiwo.

Mu fara da 'yan tsaki, don a nan asarar take. Babbar kaza tana da gudu, tana da fiffike, ta san inda za ta shige. Ɗan tsako ba shi da ko ɗaya. Matso nan, Auta. Kun ga wannan? Keji ne mara gindi, katako da raga, tsawonsa taku uku, faɗinsa biyu. Uwar tana ciki da 'ya'yanta tara, yau kwanansu 11. Ƙasa suke takawa, suna tono, rana tana samunsu, amma ta sama a rufe yake. Kullum da safe ina ɗaga shi in matsar zuwa sabon wuri, don kada su zauna cikin kashinsu. In ba ku da kuɗin raga, babban kwandon nan na kaba da ake kifawa ya isa, ku dai ɗora masa dutse. Ina ba su tsaki da dusa, Auta kuma yana haƙo musu gara. Ruwansu a faranti mara zurfi, na zuba tsakuwa a ciki don kada wani ya faɗa ya jiƙe. Ba sa fita yawo sai sun kai sati 6, gashi ya rufe musu jiki, ƙafa ta yi ƙwari. Na san uwar za ta yi ta zarya tana son fita. Ku daure mata. Sati shidan nan su ne bambancin mai kaji uku da mai kaji goma.

Abin da ya sa na dage a kan haka, da idona na gani. Wani rani, maiɗakina tana tankaɗe a tsakar gida, kaza na gefenta da 'ya'ya, tsakaninsu bai fi taku biyu ba. Shirwa ta sauko ta sure ɗaya ta yi sama. Ko inuwarta ba a gani ba, sai kukan ɗan tsakon yana nisa. Washegari ta dawo daidai lokacin. Haka shirwa take, haka shaho yake, inda suka samu sau ɗaya nan za su mayar kasuwa. Da na duba sai na ga laifin filin ne: mun share shi fes, ba inda kaza za ta ɓuya.

Don haka ku bar wa kaji mafaka. Ga tawa. Wannan 'yar rumfa ce da ba ta wuce gwiwata ba, tsohon kwano ne a kan turaku huɗu. Can kuma karan dawa ne na jingina a bango. Ga lalle, ga rogo, ga zogale da nake sare kansa don ya yi rassa ta ƙasa. Abin da ake so, duk inda kaza take a filin, in ta ji gargaɗi, gudu kaɗan ta shige ƙarƙashin wani abu. Wasu suna rataya tsofaffin faifan sidi, wasu suna rina 'yan tsaki da galura. Na gwada duka biyun, suna ɗan taimakawa da farko, daga baya tsuntsun ya saba. Kada ku dogara da su.

Gargaɗin kuwa zakara ke yin sa. Ku zauna wata rana ku saurari zakaranku. Kukan da yake yi in ya hango abu a sama daban ne da wanda yake yi in ya ga kare ko kyanwa. Na sama dogo ne siriri, kaji suna ji sai su ruga ƙarƙashin rumfa ko su lafe a ƙasa. Na ƙasa kyarkyara ce mai ƙarfi, sai ka ga kowace ta miƙe wuya tana neman inda za ta haye. Shi ya sa ko da Sallah ba na rabuwa da babban zakarana. In da hali ku haɗa da zabi biyu ko uku, su ba abin da ke wucewa ba su yi masa kururuwa ba. Sannan wannan duk zancen kajin Hausa nake. Kajin gidan gona farare masu nauyin nan, ba sa gudu, daga nesa ake hango su, kada ma ku fara sakinsu.

To, mu je akurki, don na dare ya fi na rana ɓarna. Shaho kaza ɗaya yake ɗauka. Wanda ya shiga akurki da dare kuwa, kaza ba ta gani a duhu, tana zaune zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Wata damina na wayi gari na tarar da bakwai a kwance, duk an cije su a wuya, biyu babu kai. Na zagaya na zagaya, ashe wata 'yar kafa ce tsakanin kwano da bango, wadda hannuna da kyar yake shiga. Ranar ban iya karyawa ba. Tun daga nan na rushe shi na sake wannan.

Haska nan. Wannan raga ce mai ƙananan ido, rabin inci, a kasuwar Panteka na sayo, can aka haɗa mini ƙofar ma. Ragar kaji mai manyan idon nan kaza kawai take tsarewa, maciji da ɓera suna ratsa ta, kare kuma yana yaga ta. Ta ƙasa na binne ragar zurfin ƙafa ɗaya, saboda gafiya da kare haƙa suke yi. Ta sama, duk inda kwano ya haɗu da bango na toshe. Amma kun ga tagogin a buɗe suke, raga ce kawai, don in kuka liƙe ko'ina saboda tsoron muzuru, zafin Kaduna na watan Maris da Afrilu zai kashe muku su. Ga sandar da suke hawa su kwana. Ƙofa kuma sakata da kwaɗo, ba dutse ake jingina mata ba. In akurkin katako ne mai ƙafafu, ku sa kowace ƙafa cikin gwangwani da baƙin mai, saboda kwarkwasa da damina, ita ma tana gamawa da 'yan tsaki a dare ɗaya.

In an yi muku ɓarna, kada ku yi saurin sharewa, ku tsaya ku karanta wurin. Ɗan tsako ya ɓace da rana babu ko gashi, daga sama ne. Ƙwai ya ɓace babu ɓawo, ku nemi maciji, ko guza in kuna kusa da ruwa, irin mutanenmu na bakin kogi wajen Kabala da Unguwar Rimi. Ɓawo a huje an shanye, ku zargi hankaka ko tunku. 'Yan tsaki a gwaigwaye da safe, ɓera ne ko gafiya. Kaji da yawa a warwatse, gashi ko'ina, an kashe ba a ci ba, aikin kare ne, ku je ku yi magana da mai shi cikin mutunci. In kuwa manya ne suka ɓace cif, ba jini ba gashi, wannan mai ƙafa biyu ne, kwaɗo ne maganinsa.

Roƙona biyu. Kada ku barbaɗa maganin ɓera inda kaji ke tono, kaza za ta ci, kyanwa za ta ci mushen, ga yara suna wasa a wurin. Ku sa tarko, ku kwashe ragowar dusa kafin dare, don ita ke kiran ɓera, ɓera kuma ya kira maciji. Na biyu, kada ku zura hannu wurin kwanci a duhu, ku haska tocila tukuna. Akwai macijin da ke feso dafi a ido. In ya samu mutum, a wanke idon da ruwa mai yawa nan take, a wuce asibiti.

Kun ji an fara kiran magariba, kun ga kuma sun fara taruwa da kansu. Dabarar ita ce ba na ba su hatsi mai yawa da safe, sai yanzu. Ina kaɗa wannan gwangwanin, sun san ƙararsa, in watsa a cikin akurki su bi. Kuma kullum sai na ƙirga, don ranar da ɗaya ta ɓata in sani a ranar. Goma sha takwas, sha tara, ashirin. Saura wake-waken nan, tana can ƙarƙashin lalle, ina jin wurin ƙwai take nema. Auta, ba ni wayar, zagaya ta baya ka koro ta a hankali. Yauwa, ashirin da ɗaya. Sa sakatar.

Mu je masallaci. Sai mun haɗu a darasi na gaba, za mu yi maganar rigakafi kafin hunturu ya shigo. Wassalamu alaikum.