Darasi: Saƙon Imel Mai Ƙugiya a Ciki

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa. Yau wayata ce a hannuna, zan nuna muku wani saƙo da ya shigo min shekaranjiya da asuba.

To ga shi. Sunan bankina a sama, har da tambarinsa, tsaf. Wai an samu matsala a BVN ɗina, in ban danna nan na gyara cikin awa 24 ba, za a rufe min asusu. Kun ji "awa 24" ɗin nan? Nan ƙugiyar take. Turawa suna ce wa wannan damfara fishin, wato fatsa: a soka tana a ƙugiya, a jefa ruwa, a zauna jiran kifi. Ɗan damfara ba ya son ka yi tunani, so yake gabanka ya faɗi ka danna kafin hankalinka ya dawo.

Ku kalli abin da zan yi. Ba zan taɓa shuɗin rubutun nan ba. Sunan wanda ya aiko zan danna, cikakken adireshinsa ya fito. Yauwa. Kun ga ƙarshensa? gmail.com. Banki mai rassa a duk faɗin Najeriya ya aiko saƙo da Gmail kamar ni da kai? Haba!

Wannan ma ɗan koyo ne. Gwanayen sukan yi rajistar adireshi mai kama da na gaske. Su manna r da n su zama kamar m, sai ka ga rnicrosoft ka karanta Microsoft. Ko su sa lamba 1 a gurbin harafin l, paypa1. A ƙaramin allon waya, balle irin nawa da ya tsage, wa zai lura? Shi ya sa in ka ga mahaɗi, wato shuɗin rubutun nan da ake dannawa, ka ɗora yatsa ka riƙe, kada ka ɗaga, adireshin da zai kai ka zai bayyana. Ka karanta shi harafi bayan harafi.

Kuma kada wani ya ce ai sai wanda bai yi boko ba ake kamawa. A watan Maris na 2016, John Podesta, shugaban yaƙin neman zaɓen Hillary Clinton a Amurka, ya samu saƙo kamar daga Google, wai wani ya saci kalmar sirrinsa, ya canza maza. Aka danna. Dubban wasiƙunsa suka ƙare a WikiLeaks, shafin intanet mai fallasa bayanan sirri, ana dab da zaɓe.

Lambar sirrin katinka, lambobi ukun da ke bayansa, da OTP, wato lambar amfani sau ɗaya da ake turo maka, ma'aikacin banki na gaskiya ba zai taɓa tambayarka su ba.

In kuwa an riga an danna, Malam, ba lokacin jin kunya ba ne. Kira lambar wayar banki da ke bayan katinka a toshe shi nan take, ka canza kalmar sirrin imel ɗinka, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara tabbatar da kai ne kafin a shiga.

Wannan nawa kuma, ga ɗigo uku a sama, na zaɓi Report spam. Ya tafi. Sai mun haɗu a darasi na gaba.