Wa Ake Nunawa, Wa Ake Yankewa a Finafinan Sararin Samaniya?

Assalamu alaikum, masu kallo. Ku zuba ido a kan wannan hoton, don in kun ƙifta ya wuce. Ƙarshen fim ɗin Star Wars ne na Disamban 2019, The Rise of Skywalker. An ci yaƙi, mayaƙa na ta rungumar juna, can a cikin taro wasu mata biyu suka sumbaci juna. 'Yan daƙiƙu ne kawai. A Singafo da Dubai aka sa almakashi aka cire wurin, kuma wanda ya kalli fim ɗin a can bai rasa komai daga labarin ba. Ko sunayen matan ma yawancin masu kallo ba su sani ba.

Na san a wajen da yawa daga cikinmu, batun neman jinsi ɗaya abu ne da addini da al'ada suka riga suka yi magana a kai, kuma ba wannan muhawarar ce ta kawo ni ba. So nake mu ga yadda manyan kamfanonin Hollywood ke zaɓen wanda zai hau allo, da inda suke ajiye shi. Ma'aunina ɗaya ne: idan aka yanke mutumin, labarin zai rushe ko zai tsaya?

Mu koma Satumban 1966, lokacin da tashar NBC ta fara nuna Star Trek. Shekara biyu ke nan da Amurka ta yi dokar hana wariyar launin fata a wuraren jama'a, tituna ba su huce ba. Sai ga Gene Roddenberry, wanda ya ƙirƙiro shirin, ya kawo kumbo mai suna Enterprise, ya zaunar da baƙar mace a ɗakin tuƙi. Nichelle Nichols ce, a matsayin Laftanar Uhura, sunan da aka ciro daga kalmar Swahili "uhuru", wato 'yanci. Mai riƙe da sitiyarin kumbon kuwa George Takei ne, a matsayin Sulu, wanda gwamnatin Amurka ta tsare shi da iyayensa a sansani yana ƙaramin yaro a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, don kawai asalinsu Japan ne. A zango na biyu aka ƙaro ɗan Rasha, Chekov, ana tsakiyar Yaƙin Cacar Baka.

Gaskiya aikin Uhura bai taka kara ya karya ba. Yawanci karɓar saƙo take ta miƙa wa kyaftin. Har ta gaji, bayan zango na farko ta yanke shawarar komawa wasan dandamali. Kamar yadda ita kanta ta sha faɗa, a wani taro ne ta haɗu da Martin Luther King, ya roƙe ta kada ta tafi, domin wannan ne karon farko da ake ganin baƙar fata a talabijin ba a matsayin 'yar aiki ba. Ta zauna. Kuma ku lura da inda kujerarta take: daidai bayan ta kyaftin. Duk lokacin da kyamara ta haska shi, ga ta nan. Mai almakashi ba shi da yadda zai yi da ita.

A Nuwamban 1968 aka nuna kashin da Uhura da Kyaftin Kirk suka sumbaci juna. Ana yawan cewa ita ce sumba ta farko tsakanin baƙi da fari a talabijin, amma akwai waɗanda suka riga ta. Ita dai ta fi yin suna. Shekara ɗaya da 'yan watanni ke nan da Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokokin jihohin da suka haramta aure tsakanin fari da baƙi. NBC ta ji tsoron tashoshin kudancin ƙasar, ta nemi a ɗauki wata sigar da babu sumbar. Nichols ta ce da gangan suka yi ta ɓata ɗaukar har aka haƙura. Sai dai ko a nan an bar ƙofar gudu: a cikin labarin, wasu halittu ne masu ƙarfin tsafi suka tilasta musu.

Abin bai tsaya a allo ba. A 1977 hukumar NASA ta ɗauki Nichols ta zagaya ƙasa tana jawo mata da baƙaƙen fata su nemi aikin sama jannati. Mae Jemison, baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1992, ta ce Uhura ce ta sa mata wannan buri, kuma a 1993 ita ma ta fito a wani kashi na Star Trek.

A 1993 ɗin ne aka fara wani sabon shirin Star Trek mai suna Deep Space Nine, inda Avery Brooks, baƙar fata, ya fito a matsayin shugaban wata tashar sararin samaniya baki ɗaya. Likitan tashar kuwa Alexander Siddig ne, haifaffen Sudan, ɗan ɗan'uwan Sadiq al-Mahdi, tsohon firaministan ƙasar. A ganina, kashi mafi nauyi a tarihin Star Trek yana cikin wannan shirin. An nuna shi a 1998, Brooks da kansa ya ba da umarni. Jarumin ya tsinci kansa a matsayin baƙin marubuci a Amurka ta shekarun 1950, ya rubuta labarin baƙin kyaftin a sararin samaniya. Edita ya ce masu karatu ba za su yarda ba. Aka yi sulhu a mayar da labarin mafarki, duk da haka mai mujallar ya sa aka lalata bugun gaba ɗaya, aka kori marubucin. Shiri ne yana tona asirin sana'ar da ta haife shi.

To, a ɓangaren masu neman jinsi ɗaya, Star Trek ɗin da ya yi gaba da kowa a launin fata ya ja ƙafa na shekara hamsin. A ƙarshen shekarun 1980 marubuci David Gerrold ya rubuta wani kashi mai ɗauke da irin waɗannan mutane, wanda ke nuni ga annobar ƙanjamau. Ba a taɓa ɗaukar sa a shirin ba. Takei, wanda ya fito fili ya bayyana kansa a 2005, ya ce ya taɓa tuntuɓar Roddenberry, shi kuma ya amsa masa cewa in ya taɓa wannan batu za a rufe shirin. Da fim ɗin Star Trek na 2016 ya nuna Sulu da miji, a wata 'yar gajeriyar fitowa, Takei da kansa bai ji daɗi ba. Ya fi son a ƙirƙiro sabon mutum mai nasa labarin, a bar Sulu yadda mai shi ya tsara shi. Sai a 2017, a shirin Star Trek: Discovery, aka samu masoya maza biyu cikin manyan 'yan wasa, Stamets da Culber. Kafin zangon farko ya ƙare aka kashe Culber. Masu kallo suka yi ca, domin sun daɗe suna ƙorafin cewa irin waɗannan jarumai ne ake fara binnewa. A zango na biyu aka dawo da shi.

Mu dawo Star Wars. Disney ta sayi kamfanin Lucasfilm, mai shirya Star Wars, a 2012 a kan dala biliyan 4 da ɗoriya, kuma mai wannan kuɗi yana son kowace kasuwa a duniya. John Boyega, ɗan Landan wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, shi ne fuskar farko a tallar fim ɗin 2015, har aka ba shi takobin haske ya riƙe. Ga fostar da aka yi wa kasuwar China: an ƙanƙanta shi, an tura shi ƙasa. A finafinai biyu na gaba rawarsa ta yi ta raguwa, kuma a 2020 ya fito ya ce bai kamata a tallata baƙin jarumi kamar shi ne gaba ba, sannan a ture shi gefe. Abokiyar aikinsa Kelly Marie Tran, 'yar asalin Biyetnam, ta goge duk abin da ke shafinta na Instagram a 2018 saboda zagin da ake mata. A fim ɗin 2019 fitowarta duka ba ta kai minti biyu ba.