Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki a Ziyararsa ta Ƙasar Japan, daga Hausawa Mazauna Ƙasar

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa, da alayensa da sahabbansa.

Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nasara. Masu girma hakimai da 'yan majalisa da suka rufa wa Sarki baya, malamanmu, iyayenmu, 'yan'uwa maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, a madadin Hausawa mazauna Japan nake yi wa Mai Martaba barka da zuwa, barka da hanya. Tafiyar da Sarki ya yi ba ƙarama ba ce, domin babu jirgin da yake tasowa daga gida kai tsaye zuwa nan, sai an yada zango a Addis Ababa ko Doha ko Dubai ko Istanbul, kuma agogon nan yana gaban na Najeriya da Nijar da awa takwas. Yanzu da muke zaune bayan La'asar, a gida kumallo ake karyawa. Waɗanda suka cika wannan ɗaki sun fito ne daga Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru. Akwai ɗalibai a jami'o'i, akwai masu sayen motoci da kayan gyaransu suna aikawa gida, akwai ma'aikatan masana'antu, kuma wasunsu tun daga Osaka da Nagoya da Fukuoka suka hawo jirgin ƙasa domin su kwashi gaisuwa. An ɗora mini nauyin in yi wa Sarki bayanin ƙasar da ya sauka da halin mutanenta, domin abin da zai gani a kwanakin nan ya zo masa da sanayya.

Japan tarin tsibirai ce a cikin teku, manyansu guda huɗu: Honshu, inda muke, da Hokkaido a arewa, da Kyushu da Shikoku a kudu. Faɗinta kusan murabba'in kilomita 378,000 ne, wato ba ta kai rabin Najeriya ba, kuma wajen kashi uku cikin huɗu na wannan ƙasa duwatsu ne da tuddai masu kurmi, waɗanda ba a noma su, ba a kafa gari a kansu. Saboda haka mutum sama da miliyan 120 suka cunkushe a 'yan filayen bakin teku, har Tokyo da garuruwan da suka haɗe da ita suka tara kimanin mutum miliyan 37. Man fetur kusan dukansa sayo shi suke yi daga waje, kuma abincin da suke nomawa bai kai kashi 40 cikin 100 na abin da suke ci ba.

Ƙasar kuma ba ta zauna lafiya ba a ƙarƙashin ƙafafunsu. Dutsen Fuji, wanda Sarki zai hango ta tagar dama idan jirgin ƙasa ya nufi Kyoto da shi, tsayinsa mita 3,776, dutse ne mai aman wuta, rabonsa da yi tun 1707. A 1923 girgizar ƙasa da gobarar da ta biyo bayanta suka hallaka mutum fiye da 100,000 a Tokyo da Yokohama. A 1995 ta afka wa Kobe, aka rasa sama da 6,000. Ranar 11 ga Maris, 2011, girgiza mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa a ƙasar ta tayar da ambaliyar teku da ake kira tsunami, ta share garuruwa a arewa maso gabas, mutum kusan 20,000 suka mutu ko suka ɓace, tashar nukiliya ta Fukushima ta lalace. Ban kawo wannan don in tayar wa tawagar Sarki da hankali ba. Idan cikin dare wayoyinku suka ɗauki ƙara a lokaci guda, gargaɗi ne da hukuma take aikowa 'yan daƙiƙoƙi kafin girgiza ta iso. A nisanci taga, a kare kai, a jira ta lafa, domin tun 1981 aka tsananta dokar gini yadda bene zai yi lilo ba tare da ya rufta ba. Ranar 1 ga Satumba ta kowace shekara makarantu da ofisoshi suna gwajin gudun tsira, kuma gidaje da yawa suna ajiye jaka kusa da ƙofa mai ɗauke da ruwa da busasshen abinci da tocila. A ganina, yawancin abin da baƙo yake yabawa na tsarin Japanawa daga nan ya samo asali: mutane masu yawa a wuri ƙanƙane, ga masifa tana iya zuwa ba sallama, dole kowa ya san wurin tsayawarsa, ya kuma kiyaye haƙƙin na kusa da shi.

Allah ya taimaki Sarki, tarihin sarautarsu abu ne da na san Mai Martaba zai so ji. Gidan sarautar Japan shi ne ake ɗauka mafi daɗewa a duniya ba tare da yankewa ba, kuma bisa lissafinsu na gargajiya Sarki Naruhito, wanda ya hau gado ranar 1 ga Mayu, 2019, bayan mahaifinsa Akihito ya yi murabus, shi ne na 126. An kafa fada a Nara a 710, aka mayar da ita Kyoto a 794, ta zauna can sama da shekara dubu. Sai dai a mafi yawan wannan zamani sarki yana da daraja, iko kuwa yana hannun wani. Tun ƙarshen ƙarni na 12 mulki ya koma ga sarakunan yaƙi da ake kira shogun, su ne masu rundunar barade ta samurai, amma babu ɗayansu da ya tuɓe sarki ya hau gadonsa. Daga fada suke karɓar naɗi, da sunan sarki suke zartar da hukunci.

A 1603 Tokugawa Ieyasu ya zama shogun, ya zauna a Edo, wato Tokyo ta yau, zuriyarsa suka riƙe ƙasar fiye da shekara 260. Dabararsu ita ce tilasta wa manyan masu ƙasa su riƙa yin shekara guda a Edo, shekara guda a ƙasarsu, iyalinsu kuma su zauna a Edo dindindin. Hakiman da suke nan za su tuna cewa kafin zuwan Turawa hakimai a birni suke zaune kusa da Sarki, jakadu ne suke kai da komo zuwa ƙauyuka. Hikimar ba ta yi nisa da juna ba. Daga shekarun 1630 suka rufe ƙofa, suka hana Bajapane fita, suka kori Turawa, sai 'yan Holan da aka bar wa ɗan tsibiri a Nagasaki su yi ciniki. A 1853 jiragen yaƙin Amurka suka tsaya a bakin tekun Edo suka ce a buɗe, ba su da ƙarfin cewa a'a.

Abin da suka yi bayan wannan wulaƙanci shi ne ya bambanta su da sauran ƙasashen da Turawa suka ƙwanƙwasa wa ƙofa. A 1868 aka kawar da mulkin shogun, aka maido da iko da sunan Sarki Meiji, yana ɗan shekara 15, aka dawo da fada Tokyo. A 1871 manyan gwamnati da kansu suka fita Amurka da Turai, suka yi kusan shekara biyu suna duba makarantu da masana'antu da kotuna da barikoki. A 1872 aka buɗe layin dogo na farko tsakanin Tokyo da Yokohama, a shekarar kuma aka kafa dokar makaranta ga yara maza da mata. Sun ɗauko ilimin, amma suka fassara shi zuwa harshensu, har yau kuma likita da injiniya da Japananci suke karatu. Zuwa 1905 sun ci Rasha da yaƙi.

Gaskiya ɗaya ce, ƙarfin ya ruɗe su. Sun mallake Taiwan a 1895 da Koriya a 1910, suka afka wa Sin, suka yi ta'asar da maƙwabtansu ba su manta ba har yau, sannan suka kai wa Amurka hari a 1941. Ƙarshenta aka jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima ranar 6 ga Agusta, 1945, da Nagasaki bayan kwana uku. Kafin shekarar ta ƙare Hiroshima kaɗai ta rasa kimanin mutum 140,000. Tsarin mulkin 1947 ya haramta wa ƙasar yaƙi a matsayin hanyar warware saɓani, ya kuma ayyana sarki a matsayin alamar ƙasa da haɗin kan jama'a, ba shi da hannu a gwamnati. Duk da haka takardun hukuma da shekarun sarautarsa ake ƙirga su, 2019 ita ce shekara ta ɗaya ta zamanin Reiwa. Shekara 19 kacal bayan toka, a 1964, suka karɓi wasannin Olamfik, suka buɗe jirgin ƙasa mai tsananin gudu da ake kira Shinkansen, wanda zai kai Mai Martaba Kyoto, tafiyar kusan kilomita 500, cikin awa biyu da 'yan mintuna.

Ranka ya daɗe, da za a ba ni zaɓin wuri ɗaya da Sarki zai leƙa, makarantar firamare zan zaɓa. Da safe za a ga yara 'yan shekara shida suna tafiya makaranta ayari-ayari ba babba tare da su, kowa da jakarsa a baya, ƙananan da hula ruwan ɗorawa don direba ya hango su. A ƙofa suna cire takalmi su sa na ciki. Da rana su ne suke ɗaura farin ƙyalle su ɗauko tukwane su raba wa junansu abinci, shinkafa da miya da kifi da madara, malaminsu yana ci tare da su. Idan an gama sai a ture tebura, wannan ya ɗauki tsintsiya, wancan ya durƙusa da tsumma yana goge daɓe, ɗan attajiri da ɗan talaka, babu wanda aka ɗauke wa. Yaron da ya tashi a haka shi ne babban da zai tsinci walat a jirgi ya kai ɗan ofishin 'yan sanda na unguwa, kuma da yawa a cikinmu an kira su an mayar musu da waya ko kuɗin da suka yar. Shi ne kuma zai riƙe shararsa a jaka har gida, ya ware mai ƙonuwa daban, kwalba da gwangwani daban, kowace da ranar fitar da ita. Gaisuwarsu rusunawa ce, gwargwadon girman mutum gwargwadon sunkuyawa, don haka kada fadawa su yi mamaki idan ba a miƙo hannu ba.

Ba zan ɓoye wa Sarki ɗaya gefen ba. Aiki yana cin mutane a nan, akwai waɗanda yawan aiki yake kashewa har hukuma ta amince da biyan diyya a kai. Aure ya yi ƙaranci, haihuwa ta ja baya: a 2022 jariran da aka haifa ba su kai 800,000 ba, yawan jama'a yana raguwa tun bayan da ya kai miliyan 128, kuma kusan mutum uku cikin goma sun kai shekara 65 ko sun wuce. Gidaje kimanin miliyan 9 suna tsaye babu kowa a ciki, ana rufe makarantun ƙauye don babu yara, tsoho yakan rasu a ɗakinsa a yi kwanaki ba a sani ba. Mu da muka tashi a gidan yawa, wannan kaɗaici shi ne abin da ya fi yi mana nauyi, ya fi sanyin hunturu.

Addinansu na gado Shinto da Buddha ne, mutum guda yakan haɗa biyun. Ba a hana mu ibada, kuma Sarki zai yi Juma'a a babban masallacin Tokyo, wanda aka fara ginawa a 1938, Turkiyya ta sake gina shi a 2000. Na Kobe kuwa tun 1935 yake tsaye, yaƙi da girgizar 1995 duk ba su kayar da shi ba. Wahalarmu ta yau da kullum abinci ce, domin naman alade da giyar shinkafa suna shiga girki da yawa, sai mutum ya karanta bayan kowace leda. Wadda ta fi ta girma ita ce makwanci. Kusan kowace gawa a nan ƙona ta ake yi, maƙabartun Musulmi kaɗan ne kuma suna da nisa, mayar da mamaci gida kuwa kuɗi ne mai yawa. Muna roƙon Mai Martaba, idan ya zauna da hukumomi da jakadunmu, ya sa baki a wannan magana.

Roƙo na biyu ya shafi talakawan Sarki na gida. Japan kusan duk riɗin da take ci sayowa take yi, kuma Najeriya tana cikin manyan masu sayar mata. Buhun da aka auna a Dawanau yana iya ƙarewa a kwalbar mai a kantin unguwarmu. Amma ba sa sassauci kan ragowar maganin ƙwari da ƙasa da tsakuwa, kaya yana iya zuwa har tashar ruwa a ƙi karɓarsa. Idan fada ta ja hankalin manoma da dillalai kan tsabtar kaya, kasuwar tana nan. Haka kuma a Tokushima har yanzu ana noman baba ana rini da shi, a Arimatsu ta Nagoya ana ɗaure yadi ana tsoma shi, kuma masu wannan sana'a za su so ganin aikin marinar Ƙofar Mata. Muna fatan Sarki ya buɗe hanyar da marina na nan da na gida za su ziyarci juna.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ba da nasara a ganawar da aka zo yi, ya mayar da Mai Martaba da tawagarsa gida lafiya. Yanzu, cikin ladabi da biyayya, muna roƙon Mai Martaba ya yi wa 'ya'yansa jawabi.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.