Darasi: horar da ɗan kare mai nuna tsuntsu, da yadda ake raba shi da tsoron bindiga

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau darasin namu akan karen farautar tsuntsaye ne, amma fa ba irin namu na gida ba wanda mafarauta ke saki ya bi zomo ko gada da gudu har ya kamo. Wannan irin na Turai ne da Amurka, aikinsa ya shinshino tsuntsu a cikin ciyawa, in ya ji warin sai ya ƙame ƙam, hanci a miƙe, jela a miƙe, wani lokacin ƙafar gaba ɗaya a ɗage, bazai motsa ba sai mai bindiga yazo ya tada tsuntsun da ƙafarsa ya harba. Irinsu suna da yawa, akwai foyinta na Ingila, akwai seta mai dogon gashi, akwai ɗan Biritani na Faransa wanda shi ƙarami ne, akwai bizla na ƙasar Hangari mai ruwan ƙasa-ƙasa ja, sai kuma irin wannan da kuke gani a gefena, ɗan Jamus mai gajeren gashi. Watansa biyar, sunansa Zaki. Zo nan Zaki, yauwa.

Toh abu na farko da nake so ya zauna muku, tsayuwar nan ba kai zaka koya masa ba, da ita aka haife shi, shekaru aru-aru ana zaɓen iyaye masu yin ta ana haɗa su. Abinda kai zaka yi shine kar ka ɓata ta. Kuma wallahi hanya mafi sauri ta ɓata kare irin wannan itace bindiga, shi yasa rabin maganar tamu yau akanta zata ƙare.

Nan Amurka abinda ke jawo matsalar gaggawa ce. A jihar Dakota ta Kudu misali ana buɗe farautar fezan ranar Asabar ta 3 ta watan Oktoba, fezan ɗin nan wani tsuntsu ne kamar zakara mai doguwar jela, asalinsa daga Asiya aka kawo shi, toh mutum zai sayi ɗan kwikwiyo a watan Afrilu ko Mayu yana lissafin dole Oktoba ya fita dashi, sai ya kwashe shi da abokai mutum biyar shida kowa da bindigar tsuntsaye mai faɗin baki, wato lamba 12, tsuntsu ɗaya ya tashi kowa ya saki wuta a lokaci guda akan ɗan karen da bai taɓa jin ko ƙarar tafi mai ƙarfi ba. Shikenan, daga ranar an gama dashi, sai dai a nemo shi a ƙarƙashin mota. Ƙarar bindigar nan ta haura desibel 150 a ma'aunin ƙarfin ƙara, kai mutum ma ana ce maka ka toshe kunne, balle kare da kunnensa ke jin abinda namu baya ji, a ma'aunin sirantar sauti mu iyakarmu wajen haz 20,000 ne shi kuma ya ninka haka.

Bari mu faro daga farko. Kwikwiyo yawanci ana karɓo shi yana sati 8, kuma daga nan zuwa wajen sati 14 shine lokacin da duk abinda ya gani yake ɗauka a matsayin abin duniya na yau da kullum, toh ka fita dashi, ya shiga mota, ya ga yara, ya taka ciyawa ya taka ruwa, ya ji ƙarar babur da injin niƙa da buga ƙofa, amma duk daga nesa kuma ba da nufin tsorata shi ba. Allurar rigakafi dai a fara da ita, ta ciwon fabo mai sa su gudawa da amai, da ta haukan kare in lokacinta yayi, kaje wajen likitan dabbobi ya tsara maka. A wannan lokacin abu biyu kawai nake koya masa, sunansa da kuma zuwa in an kira shi. Banda duka, banda tsawa.

Sai tsuntsu. Anan ne nake so ku natsu. Muna amfani da tattabara ne saboda tana da arha, tana da wari mai ƙarfi a hancin kare, kuma in ta gida ce kana sakinta zata koma ɗakinta gobe ka sake ɗauko ta. Ranar farko ka samu tattabara ka ɗaure fiffikenta yadda bazata yi ta fuffuka a fuskarsa ba, domin in ta mare shi da fiffike a wannan shekarun zai iya tsanar tsuntsu gaba ɗaya, ka ajiye ta a ƙasa ka bar shi da ita, ya shinshina, yayi haushi, ya ja baya ya dawo, ya ɗauka a baki ya gudu da ita ma duk ba laifi. Kai dai kayi shiru. Bayan kwana biyu ka cire mata gashin fiffike na gefe ɗaya, gashin zai sake fitowa kar ku damu, yadda zata tashi kaɗan ta faɗi, ka jefa ta ya bi ta ya kamo. Abinda muke nema shine ya haukace akan tsuntsu, ya zama in ya ga ka nufi kejin tattabaru jikinsa har rawa yake.

Akwai wani wasa da mutane ke yi a bidiyo, a ɗaura fiffike a igiyar sandar kamun kifi ana wurga wa kwikwiyo yana tsayawa, yana da kyan kallo gaskiya, amma sau ɗaya ko biyu ya isa, domin da ido yake tsayawa a nan, mu kuma hanci muke so.

In ya kama son tsuntsu sai a canza doka, a wajen koyon tsayuwa bazai sake kama ko ɗaya ba. Ɗan matso da kyamarar nan malam su ga igiyar. Wannan igiya ce mai ɗan kauri, tsayinta kamar mita 8, ba ƙulli a ƙarshenta saboda kar ta maƙale a itace. Zaka ɗauki tattabara mai cikakken fiffike, ka cusa kanta a ƙarƙashin fiffiken ka ɗan jujjuya ta, sai tayi lamo, ka kwantar da ita a cikin ciyawa. Masu hali suna da wani akwati mai sifirin da rimot, kana dannawa ya cilla ta sama, yafi sauƙi amma ba dole bane. Sai ka duba iska, wannan mutane da yawa suna mantawa, ka ɗebi busasshiyar ciyawa ka saki ka ga inda ta nufa, ka kawo karen ta gefen da iskar ke kai warin, ka ratsa dashi a gicciye, kar ka nufi tsuntsun kai tsaye. Zaka ga lokacin da warin ya bugi hancinsa, kansa zai juya da sauri, ya tsaya. Ko daƙiƙa uku yayi ya isa a farko. Da zarar ya ɗaga ƙafa zai matsa, a tada tsuntsun ya tashi ya tafi abinsa, kar kace masa komai, kar ka fizgi igiya da ƙarfi. Da kansa zai gane cewa motsinsa ne ke korar tsuntsun, kuma tsayuwar zata riƙa tsawo. Tsuntsu biyu ko uku a rana, minti goma sha biyar, ku tashi tun yana marmari.

Toh yanzu bindiga. Sharaɗi na shine bana kawo ta sai na ga kare yana bin tsuntsun da ya tashi da gudu iya ƙarfinsa, wanda ko kiransa kayi a lokacin bazai ji ba. Wani a wata biyar ya kai nan, wani sai wata takwas, ba kalanda zaka duba ba, karen zaka duba. Kuma ku sani akwai wani lokaci tsakanin wata 6 zuwa 14 da wasu ƙananan karnuka ke shiga wani irin tsoro haka kawai, kaga kare yana yiwa bokitin da ya saba gani kullum haushi, in ka lura yana cikin wannan halin ka ɗaga maganar bindiga sati biyu uku, babu abinda zaka rasa.

Kana buƙatar mutum na biyu. Shi zai riƙe ƙaramar bindiga irin wadda ake tada 'yan tsere da ita, harsashinta lamba 22 mara dalma, albarushi ne kawai, ya tsaya can nesa kamar mita 100, tsawon filin ƙwallo kenan, kuma ya juya bakinta baya. Kai kana tare da karen, ka saki tattabarar da zata tashi ta faɗi, karen ya bi ta, sai yana tsakiyar gudu hankalinsa duk yana kanta, ka ɗaga hannu, shi kuma ya harba sau ɗaya. Ɗaya tak. Idonka kar ya bar karen. In bai ko waiga ba ya cigaba ya kamo tsuntsunsa, alhamdulillahi, an gama na yau. Gobe ko jibi a matso mita 80, sannan 60, sannan 40, a hankali har mai harbin ya zo yana bayanka. In ya tsaya ya waiga ya ɗaga kunne sannan ya koma kan tsuntsun, ba tsoro bane amma alama ce kun matso da wuri, ku koma baya inda kuka fito. In an gama da ƙaramar sai a ɗauko bindigar tsuntsaye mai ƙaramin baki, lamba 410 ko lamba 20, a sake komawa mita 100 ɗin a faro daga farko, lamba 12 itace ta ƙarshe. Sai ranar da za'a harbo masa tsuntsu ya faɗo a gabansa ya ɗauka a baki, daga ranar ƙarar bindiga ta zama albishir a wajensa, zaka ga in ya ji harbi kansa sama yake ɗagawa yana neman abinda zai faɗo.

Don Allah don Annabi kar wanda ya ɗauki kwikwiyo ya harba bindiga kusa dashi wai yana gwadawa ya ga ko yana da tsoro. Gwajin ne ke haifar da tsoron. Kar a kai shi filin koyon harbi, kar a ɗaure shi a tsakar gida daren wasan wuta na 4 ga Yuli, ranar 'yancin Amurka, ku kuma na gida lokacin da yara ke buga nokawut ko 'yan bindiga ke sakin adaka a hawan sallah, a shigar dashi ɗaki a kunna rediyo. Buga kwano lokacin da yake cin abinci da wasu ke yi, ni ban hana ba in a hankali ne, amma ban dogara dashi ba, abinci baya ɗauke hankalin karen farauta yadda tsuntsu ke yi.

Masu wannan harka basu ɗauki abin da wasa ba. Ƙungiyar NAVHDA ta masu karnukan farauta a Arewacin Amurka, da aka kafa a 1969, tana yiwa ƙananan karnuka da basu wuce wata 16 ba jarrabawar baiwa, ana harba bindiga karen yana cikin nema, alƙalai suna kallonsa suna rubutawa, a Jamus ma haka ake yi a jarrabawar 'yan karnuka, saboda raunin zuciya yana bin jini. Shi yasa in zaka saya ka tambaya uwar da uban suna farauta, in da hali ka gansu da idonka a fili.

Toh wanda nashi ya riga ya kamu fa, wannan itace tambayar da tafi yawa. Alamarsa a bayyane take, ana harbi zai cusa jela tsakanin ƙafafu, kunne a kwance, ya dawo ya manne a ƙafarka ya daina nema, ko ya zarce mota. Mafi muni shine wanda ya haɗa tsoron da tsuntsun kansa, ya ji wari sarai amma ya kauce kamar bai ji ba, saboda ya san abinda ke biyo baya. Wannan karen ka ajiye bindiga gaba ɗaya, kar ma ya ganta, wata ɗaya wata biyu ko fiye, ka manta da maganar tsayuwa da duk wata doka, ka mayar dashi kwikwiyo, tsuntsu kawai, ya bi ya kama ya bi ya kama. In akwai babban kare mai ƙarfin zuciya ku sake su tare, kishi yana taimakawa sosai. Sai ya dawo yana haukan tsuntsu fiye da da, sannan a fara da ƙarar katako biyu da ake bugawa daga nesa yana cikin gudu, daga nan ƙaramar bindiga daga mita 150 ko ma fiye. In ya tsorata kar ka dake shi, kar kuma ka tsaya kana lallashi kana shafa shi, ka cigaba da tafiya kamar ba'a yi komai ba ka jefa masa wani tsuntsun. Kuma gaskiya zan gaya muku, ba duka ke warkewa ba, musamman wanda tsawar hadari ma ke sa shi makyarkyata, irin wannan a kai shi wajen likita, in bai dawo fili ba a bar shi ya zama karen gida, ba laifinsa bane.

Wasu daga Najeriya da Nijar suna tambaya ko zai yi aiki akan fakara da zabon daji. Fakara eh, a Afirka ta Kudu da irin waɗannan karnukan ake farautar danginta a kan tsaunukan Gabashin Kef, zabo kuwa gudu yake a ƙasa, yana wahalar da ƙaramin kare. Sai dai zafi, a fita da asuba kawai da ruwa a jarka, a riƙa duba kaska da ƙarangiya a tsakanin yatsu, bindiga kuma sai da lasisi. Tsarin sabo da ƙarar da na faɗa, karen gida ma zai ɗauka.

A darasi na gaba zamu yi ɗauko tsuntsu da kawo shi hannu ba tare da ya tauna ba, kafin nan kowa ya tanadi tattabaru ko guda shida ne da igiyar nan. Wassalamu alaikum.