Minshari da ciwon zuciya: abin da ke faruwa bayan an kashe fitila

Mai ciwon zuciya ko hawan jini ya saba da tambayoyin asibiti. Kana shan maganinka? Ka rage gishiri? Ƙafafu na kumbura? Da wuya ka ji an ce masa, yaya barcinka? Alhali a cikin barcin nan ne zuciyar wasu ke shan wahalar da ta fi ta rana.

Ga yadda abin yake. Da barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro ya saki, harshe ya koma baya, sai hanyar iska ta toshe kamar tiyon ruwa da aka taka. Ƙirji na ta kokawa, iska ba ta shiga. Daƙiƙa 10, 20, wani lokaci ma fiye. Oksijin ya ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta firgita mutum, ya ja numfashi da gurnani, ya koma barci. Gari ya waye bai san an yi ba. Likitoci na ƙirga sau nawa hakan ke faruwa a awa ɗaya: daga sau 5 larura ta fara, daga 15 ta kai matsakaiciya, daga 30 ta yi tsanani. Kuma duk ɗaukewar numfashi ɗaya, jini sai ya hau, bugun zuciya ya rikice. A ƙa'ida da dare jini ke sauka, zuciya ta samu sa'ida. Ita wannan zuciyar ba ta samu.

A 2021, Ƙungiyar Kula da Lafiyar Zuciya ta Amurka ta bayyana cewa kashi 40 zuwa 80 cikin 100 na masu hawan jini, gazawar zuciya, rikicewar bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki suna da wannan larura, kuma da yawa ba a gano su ba. Ta ba da shawarar a binciki barcin wanda jininsa ya ƙi sauka duk da magunguna iri-iri, da wanda bugun zuciyarsa ke sake rikicewa bayan an daidaita shi.

Matakin farko bai buƙatar na'ura. Akwai tambayoyi 8 da ake kira STOP-Bang, waɗanda aka samar a Jami'ar Toronto ta Kanada a 2008. Ana tambayar minshari mai ƙarfi, gajiya da gyangyaɗi da rana, hawan jini, ƙiba sosai, ko shekaru sun haura 50, ko namiji ne. Ana zagaya wuya da tef irin na tela, a ga ko kaurinsa ya kai santimita 40. Amsa e sau 3 ta isa a ƙara bincike, sau 5 kuwa haɗarin babba ne.

Tambaya ta takwas ba majinyacin ne zai amsa ta ba: an taɓa ganin numfashinka ya tsaya kana barci? Wannan sai wadda ke kwana kusa da shi. Uwargida, idan kin taɓa jin minsharin maigida ya yanke ɗif, ɗaki ya yi tsit, har kika miƙa hannu kika taɓa shi, shaidarki magani ce. Ki raka shi asibiti, ko ki naɗi sautin a waya. Mata ma na kamuwa, musamman bayan ɗaukewar al'ada, sai dai nasu kan zo da rashin barci, ciwon kai da safe da kasala, ga kuma kunyar a ce mace na minshari. Wallahi ba abin kunya ba ne.

A kula da wani abu: masu gazawar zuciya sau da yawa ba sa gyangyaɗi da rana, don haka tambayoyin na iya tsallake su. Wasunsu ma maƙogwaron a buɗe yake, ƙwaƙwalwa ce ke jinkirin ba da umarni, numfashi ya yi ta ƙaruwa, ya ragu, ya tsaya. Gwajin barci ne kaɗai ke bambance su, a asibiti ko da ƙaramar na'ura a gida, wadda ke auna numfashi da oksijin har wayewar gari.

Bambancin na da muhimmanci. A 2015, binciken SERVE-HF ya nuna wata na'urar numfashi mai suna ASV ta ƙara mace-mace a masu raunin zuciya da ke da irin ɗaukewar numfashi na biyun nan, wato na ƙwaƙwalwa. Ita kuwa CPAP, mai hura iska ta hanci, tana kawar da minshari, ta gyara barci, ta ɗan sauke jini. Amma a binciken SAVE na 2016 ba ta rage toshewar jijiyoyin zuciya da shanyewar jiki ba, kuma mutanen kusan awa 3 kawai suke sa ta a dare. Ga tsada, ga buƙatar wuta dare guda cur.

Kafin a kai ga na'ura, rage ƙiba na taimakawa sosai, haka kwanciya a gefe maimakon rigingine. Kuma kada mai minshari ya sayi maganin sa barci a kemis ba tare da likita ba. Shi da tramadol da kodin duk suna ƙara danne numfashi cikin dare.